A Kan Dutsen Beille, Muna Jiran Mai Koriyar Riga

Tun daga tashar jirgin ƙasa ta Matabiau da ke Toulouse gardama ta kaure, ba ta lafa ba har muka sauka. Ranar Lahadi ce, 14 ga Yulin 2024, ranar bikin ƙasar Faransa, kuma ranar zango na 15 na gasar tseren keke ta Tour de France. Jirgin da ke bin kwarin kogin Ariège ya nufi iyakar Sifaniya ya cika maƙil tun da sassafe: masu tuta, masu kujerar naɗewa, masu kular ƙanƙara, da masu keke da suka ƙudurta sai sun hau dutsen da ƙafafunsu kafin gwanaye su iso. Ni da ɗan kawuna muka samu lungu kusa da ƙofa muka raɓe. Shi mutumin Maraɗi ne, ya daɗe yana aiki a Toulouse har Faransanci ya zauna masa a baki. Ni kuwa ziyara na zo masa daga Kano, don haka shi ne tafintana.

Abin da ake ta ja-in-ja a kai bai wuce mutum biyu ba, Tadej Pogačar ɗan Sloveniya da Jonas Vingegaard ɗan Denmak. Shekara huɗu ke nan suna raba gasar tsakaninsu. Pogačar ya ɗauka a 2020 da 2021, Vingegaard ya karɓe a 2022 da 2023, na ƙarshen nan ma har da tazarar minti 7 da daƙiƙa 29. A wannan karo kowannensu ya zo da abin da magoya bayan abokin hamayyarsa za su riƙe. Pogačar ya riga ya ci gasar Giro ta Italiya a watan Mayu, ita ma mako uku ake yi ana fafatawa, kuma tun Marco Pantani ɗan Italiya a 1998 ba a sami wanda ya haɗa biyun a shekara guda ba. Saboda haka wasu suka ce gajiya tana nan tana jiransa. Vingegaard kuwa ya yi mummunar faɗuwa ranar 4 ga Afrilu a wani tsere a yankin Basque, ya karya ƙashin kafaɗa da haƙarƙari, huhunsa ya huje. Bai sake shiga wani tsere ba sai ranar da aka tashi daga Florence, 29 ga Yuni.

'Yan Denmak ɗin da ke kusa da mu, cikin ja da fari tun daga hula har safa, ba su da wata tantama. Ɗaya daga cikinsu, wani dogo mai jan gemu, da yatsu yake lissafa hujjojinsa. Ya ce a tuna Col du Granon a 2022 da Col de la Loze a 2023, duk inda hawa ya yi tsawo kuma rana ta buɗe, nan Pogačar yake karyewa. Ya ce a tuna ranar Larabar da ta wuce a Le Lioran, inda Vingegaard ya kamo shi bayan ya tsere, ya kuma riga shi tsallake layi, har ya fashe da kuka gaban 'yan jarida. Wata matashiya mai tutar Sloveniya a kafaɗa ta bar shi ya gama, sannan ta ce masa ai jiya ma tsere aka yi. A Pla d'Adet Pogačar ya ba shi daƙiƙa 39, tazarar da ya ba shi a jimillar gasar ta koma minti 1 da daƙiƙa 57. Dogon ya ce jiya gajeren zango ne, yau kilomita kusan 198 ne da duwatsu biyar, a jira a gani.

Wani dattijo Bafaranshe da ke zaune da jaridar L'Équipe a naɗe a hannunsa shi ya raba musu gardamar, ko in ce ya ƙara mata wuta. Ya ce su yara ba su san tarihin wurin da za su ba. Pantani ya ci zangon Plateau de Beille a 1998, ya ci gasar. Lance Armstrong ɗan Amurka ya ci a 2002 da 2004, shi ya isa Paris da riga mai ruwan ɗorawa ta zakaran gasa, duk da daga baya an ƙwace masa komai saboda amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari. Alberto Contador ɗan Sifaniya ya ci a 2007, ya ci gasar. Sai a 2011 da 2015 ne abin ya saɓa. Ya ce duk wanda ya riga kowa zuwa saman dutsen nan yau, a ba shi kofi kawai a huta. Ɗan kawuna ya tambaye shi ko yana fatan Bafaranshe ya ci tun da ranar bikinsu ce. Ya girgiza kai. Ya ce rabon da ɗan ƙasarsu ya ci zango ranar 14 ga Yuli tun Warren Barguil a 2017, a Foix, garin da jirginmu ya wuce yanzun nan. Gasar kanta kuwa tun Bernard Hinault a 1985. Ya faɗi shekarar a hankali, ya maimaita ta, ya juya ga taga.

"Yaya, kai wa ka ɗauka?" in ji ɗan kawuna.

Na ce masa ni duk biyun ba su ne suka fito da ni ba. Koriyar riga na zo gani.

Ga wanda bai saba da gasar ba, tsere ne cikin tsere. Mahaya 176 ne suka tashi, ƙungiya 22, kowace da mutum takwas, za su yi zango 21 na kusan kilomita 3,500. Wanda ya fi kowa ƙarancin lokaci idan an haɗa duk zangunan shi ke sa riga mai ruwan ɗorawa. Mai ɗigo-ɗigon ja ta gwanin hawan dutse ce, fara ta gwarzon matasa. Koriya kuwa ta mai yawan maki ce, kuma yawanci gwanayen gudun ƙarshe ke ɗaukarta, domin cin zangon shimfiɗaɗɗiyar hanya maki 50 ne. A wannan shekara tana jikin Biniam Girmay, ɗan Eritiriya, haifaffen Asmara mai shekara 24, kuma shi kaɗai ne baƙar fata a cikin mutum 176 ɗin nan. Ranar 1 ga Yuli a Turin ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zango a gasar da aka fara tun 1903. Kafin a gama mamaki ya ƙara na biyu a Colombey-les-Deux-Églises, ƙauyen da aka binne Janar de Gaulle, sannan na uku a Villeneuve-sur-Lot. Ban ji wani mai sharhi da ya hango haka ba kafin a fara. Kowa Jasper Philipsen ɗan Beljiyam ya ba wa rigar, shi da ya ɗauke ta a 2023.

Les Cabannes ƙaramin ƙauye ne a gindin dutsen, ranar nan kuwa ko masaka tsinke babu. Daga nan hanya take miƙewa sama, kilomita 15.8 zuwa wani fili mai tsayin kusan mita 1,800 inda ake wasan ƙanƙara da hunturu. Jandarmomi sun rufe ta ga motoci, sai ƙafa ko keke. Muka sayi burodi da ruwa muka bi sahu. Farkon hawan shi ya fi tsanani, hanya tana lauje-lauje cikin kurmi, ba iska, gumi yana bin baya. Duk inda aka sami ɗan fili a gefen kwalta akwai motar kwana da aka kafa tun kwanaki, da tebur da kujeru da talabijin a ƙarƙashin rumfa. Kwaltar kanta ta sha fenti, sunaye ne a rubuce da manyan baƙaƙe: POGI, JONAS, REMCO, BARDET. Wani yaro da bai wuce shekara goma ba ya wuce mu a kan keke, fuska ta yi ja, mahaifinsa na biye da shi da hannu ɗaya a bayansa. Mutanen da ke gefen hanya suka miƙe suna masa tafi da ihu, ba su rage masa komai daga abin da za su yi wa gwanaye ba.

Abin da ya fara shiga raina ke nan. Ba ƙofa, ba tikiti, ba kujerar manya. Wanda ya zo da motar kwana ta miliyoyi da wanda ya zo da burodi a leda, gefen kwalta ɗaya suke tsayawa, kuma mahayin da ya fi kowa albashi a duniya zai wuce ta gabansu kusa da kusa, har su ji numfashinsa. Ban san wani babban wasa da ya rage a haka ba.

Mun kai wajen rabin dutsen sai na hango tutar da nake nema, kore da ja da shuɗi, da reshen zaitun a jikin jan. 'Yan Eritiriya ne, maza da mata da yara, sun kama wata kwana mai inuwa sun ɗaura tutocinsu a jikin itatuwa. Da na yi musu sallama na ce daga Najeriya nake, ba su bari na ƙarasa ba, aka matsa mana wuri a kan tabarma. Wasu daga Jamus suka kwana suna tuƙi, wasu daga Suwizalan, wata mata da 'ya'yanta daga Holan. Akwai Kirista a cikinsu, akwai Musulmi. Da lokacin azahar ya yi, wani matashi daga cikinsu ya nuna mana alƙibla a wayarsa, muka koma bayan itatuwa muka yi salla tare, sannan aka zuba mana gahawa mai citta daga fulas.

Su lissafinsu daban yake da na mutanen jirgi. Wani dattijo a cikinsu, mai furfura da hular hana sallah ta Intermarché, ƙungiyar da Girmay yake yi wa tsere a lokacin, shi ya zaunar da ni ya warware mini. Ya ce, "Ɗana, yau ba ci muke nema ba. Bini ba mai hawan dutse ba ne, jikinsa na gudu ne. Mu dai ya iso cikin wa'adi." Kowane zango yana da iyakar lokaci, ana fitar da ita daga lokacin da na farko ya yi, a ƙara wani kaso a kai. Wanda ya wuce wannan iyaka an sallame shi daga gasar, ko da kuwa makinsa ya fi na kowa. Ma'ana, duk saurin da Pogačar da Vingegaard suka ƙara suna neman kayar da juna, igiya ce suke ƙara ja a wuyan na baya. Ya ce shi addu'arsa manyan nan biyu su yi ta kallon juna suna jan ƙafa. Sai ya yi dariya ya ce ya san ba za su yi ba.

Na tambaye shi yadda aka yi keke ya zama wasan ƙasarsu. Ya ce Turawan Italiya ne suka kawo shi lokacin mulkin mallaka, suka tafi suka bar shi, 'yan ƙasa suka riƙe. Asmara tana kan tudu mai tsayin sama da mita 2,300, yaron da ya tashi yana tuƙa keke a can huhunsa ya riga ya ƙeru. Ya ce ranar tsere akan rufe tituna, gari ya fito kallo. Ya tuna mini Daniel Teklehaimanot, wanda ya sa riga mai ɗigo-ɗigo na 'yan kwanaki a gasar 2015, ya ce shi ya buɗe ƙofa. Sannan ya kawo labarin da duk ɗan Eritiriya yake bayarwa da dariya da takaici a haɗe: yadda Girmay ya ci zango a Giro ta 2022 a garin Jesi, ya hau dandamali zai buɗe kwalbar biki, murfin ya tashi ya buge shi a ido, washegari ya janye daga gasar.

Ina sauraronsa ina tuna gida. Keken da yaro yake ɗauko buhun gawayi da shi daga ƙauye zuwa cikin Kano, ya yi tafiyar kilomita talatin kafin rana ta take, ba ƙafa muka rasa ba. Abin da babu shi ne tseren da zai shiga ranar hutu, da mai horarwa da zai gan shi, da hanyar da mota ba za ta take shi ba. Burkina Faso tana gudanar da Tour du Faso tun 1987, Ruwanda ta mayar da nata gasar abin da ƙungiyoyin Turai ke zuwa. Mu har yanzu keke alamar rashi ce, da mutum ya samu hali sai ya jingine shi ya sayi babur. Wannan yana damuna ƙwarai, kuma zaman da na yi a kan tabarmar nan ya ƙara mini damuwar.

Labarin tseren ta waya da rediyo yake iso mana, a guntu-guntu, domin sabis yana zuwa yana ɗaukewa. An hau dutsen farko, Peyresourde, tun daga fita gari. An wuce Menté, an wuce Portet-d'Aspet, inda Fabio Casartelli ɗan Italiya ya faɗi ya rasu a gasar 1995. Wasu sun ɓalle sun yi gaba, cikinsu har da Richard Carapaz ɗan Ekwado, amma ƙungiyar Visma ta Vingegaard ta hau gaban ayari tun safe tana ja ba sassauci. Wasu 'yan Denmak da ke ƙasa da mu suka fara waƙa. Dabarar a fili take: a gajiyar da Pogačar tun daga nesa, a ƙarasa shi a dutsen ƙarshe. Dattijon nan ya dubi agogonsa ya yi tsaki.

Jiran ya yi kama da na hawan salla a ƙofar Kudu: ka kama wuri tun da hantsi, tawaga bayan tawaga tana wucewa, wanda ka zo dominsa sai can ƙarshe. Da farko ayarin motocin talla ne, al'adar da aka fara tun 1930, motoci masu siffar kwalba da cuku da zaki, 'yan mata da samari a ɗaure a kansu suna watso huluna da alewa da maƙalan mukulli. Manya da furfurarsu suna wawaso da yara. Bayan su sai shiru mai tsawo. Sai baburan jandarmomi bi da bi, suna tura mutane baya da hannu, kuma ranar sun tsananta, domin jiya wani ɗan kallo ya watsa wa Pogačar da Vingegaard soyayyen dankali a fuska suna tsakiyar hawa. Sannan ƙarar jirage masu saukar ungulu ta taso daga kwari. Tun kafin mu ga kowa muka ji ihun mutanen ƙasa yana hawowa kwana bayan kwana.

Wani ya ɗaga waya ya yi ihu cewa Jonas ya kai hari. Matteo Jorgenson, ɗan Amurkan da ya ja shi tun daga gindin dutsen, ya ƙare ƙarfinsa ya kauce, Vingegaard ya taka da saura sama da kilomita 10. Kowa ya zube sai mutum ɗaya.

Suka ɓullo daga kwanar. Vingegaard ne a gaba, siriri, kai a sunkuye, baki a buɗe, riga a jiƙe sharkaf. Tayar gaban Pogačar tana daf da tayar bayansa. Abin da na gani da idona, wanda talabijin ba ta taɓa nuna mini ba, shi ne bambancin fuskokin nan biyu. Ɗaya yana ba da duk abin da ya mallaka. Ɗayan yana zaune daram a kan sirdi, kafaɗunsa ba sa motsi, idonsa a kan bayan na gabansa, jira kawai yake. Kafin na sauke numfashi sun wuce, a kan hawan da ni da ƙafa sai da na riƙa tsayawa ina hutawa. Ɗan kawuna ya riƙe mini hannu ya ce, "Yaya, an gama. Ka ga fuskarsa?"

Remco Evenepoel ɗan Beljiyam ya biyo baya shi kaɗai cikin farar riga, yana tafiya da nasa lissafin. Bayansa sai ɗaiɗai, sai bibbiyu.

Muka dunƙule a kan wayar wani da sabis ɗinsa ya kama. Da saura kilomita biyar da 'yan kai Vingegaard ya waiwaya, Pogačar ya miƙe a kan feda ya tafi. A saman dutse tazarar ta kai minti 1 da daƙiƙa 8, Evenepoel ya zo na uku da kusan minti uku. A jimilla Pogačar ya ba da minti 3 da daƙiƙa 9. Waƙar 'yan Denmak ta tsaya. Na ga wata mata a cikinsu ta zauna a kan kular ƙanƙara ta rufe fuska da tuta, mijinta yana dafa ta. Da ta ɗago sai ta ce, wata uku da suka wuce mutumin nan yana kwance a asibiti da robar numfashi a ƙirji, yau shi ne na biyu a duniya, ita ba ta da abin cewa sai godiya. Na ji maganar nan har cikin raina. A cikin duk abin da na ji an faɗa ranar, ita ce ta fi kusa da gaskiyar abin da ya wuce ta gabanmu.

Ba kowa ne ya karɓi abin da tafi ba. Wani Bafaranshe da ke tsaye kusa da mu yana duba waya ya ce Pogačar ya hau dutsen cikin ƙasa da minti 40, ya rushe tarihin Pantani na 1998 da fiye da minti uku, kuma Vingegaard ɗin da aka kayar shi ma ya fi Pantani sauri. Ya ce shi ya ga 1998, shekarar da aka kama motar ƙungiyar Festina cike da ƙwayoyin ƙara kuzari, ya yi wa Armstrong tafi shekara bakwai kafin a ƙwace nasarorin a 2012, ba za a sake yaudararsa ba. Wani matashi ya taso masa da cewa kekunan yanzu sun fi sauƙi da sulɓi, tayoyi sun canza, abincin da mahaya ke ci a kan hanya ya ninka na da, horo ya zama kimiyya. Ni dai a ganina ba daidai ba ne a ɗora wa mutum laifin da ba a kama shi da shi ba, kuma ba a taɓa kama Pogačar da komai ba. Amma ban ga laifin mai shakkar ba. Wasan ne da kansa ya koya masa ita, kuma duk da haka ya hawo dutsen da ƙafarsa ya zo kallo.

Daga nan jama'a suka fara naɗe kujeru suna gangarawa. Mu ko motsi ba mu yi ba, namu tseren bai iso ba tukuna.

Wannan jiran ya fi na farko nauyi. Minti goma, minti ashirin, mahaya suna wucewa a gajiye, wasu suna miƙa hannu a ba su ruwa. Dattijon yana riƙe da agogo, wani saurayi yana ta buga lissafin wa'adi a waya yana sakewa. Matar nan ta Holan ta daina magana gaba ɗaya. Can sai ga babban rukunin 'yan baya, masu nauyin jiki da 'yan hidimar da suka gama aikinsu tun rana, sun haɗu suna tafiya da taki ɗaya don su ceci juna. A tsakiyarsu na hango kore.

Ban san lokacin da na fara ihu ba. "Bini! Bini! Bini!" Matan suka saki guɗa, irin tamu sak, har wasu Turawa da suka fara sauka suka juyo. Yara suna gudu a gefensa da tuta. Fuskarsa ta yi fari da gishirin gumi, zip ɗin rigar a buɗe, yana tuƙi da wahala, ba alamar mutumin da ya tashi kamar zai bar ƙasa a Turin. Ya ɗan juyo ya dubi tutocin, ya ci gaba. Saurayin mai lissafi ya ce yana da sauran lokaci, zai kai. Dattijon ya cire hularsa ya share ido da ita, bai ɓoye ba.

Muka ƙara tsayawa saboda wasu 'yan Ingila da ke gefenmu, su ma nasu suke jira. Mark Cavendish, mai shekara 39, wanda a zango na 5 ya ci zangonsa na 35 a gasar ya wuce tarihin Eddy Merckx na yawan cin zango, yana can baya da abokan ƙungiyarsa sun kewaye shi suna ja. Da suka iso, duk wanda ya rage a kan dutsen, ko daga ina yake, ya yi masa ihu. Ya tsallake layi sama da minti 50 bayan Pogačar, saura ƙasa da minti biyu wa'adi ya cika. Daren nan a Toulouse muka tarar da ƙarshen wasan ƙwallon ƙafa na cin kofin Turai a wani gidan shayi, Sifaniya ta ci Ingila 2 da 1. Na tuna mutanen nan, na ce aƙalla sun samu ɗaya.

Ranar Talata a talabijin muka ga abin da ya kusa tsayar mana da zuciya. Ana shiga Nîmes, saura kaɗan a kai layi, Girmay ya faɗi. Philipsen ya ci zangon, tazarar maki ta faɗo daga 86 zuwa 32. Abokan ƙungiyarsa biyu suka rako shi layi, gwiwa da gwiwar hannu a kurje. Nan take masu sharhi suka juya, aka koma cewa rigar ta kusa komawa Beljiyam. Ɗan kawuna bai ce komai ba, ya ɗauko waya ya nemo mana tikitin jirgin Nice.

A Nice aka kammala a wannan shekara, ranar 21 ga Yuli, saboda Paris tana shirin wasannin Olamfik. Shi ne karo na farko da gasar ta ƙare nesa da babban birnin. Zangon ƙarshe na ɗaiɗai ne, kowa shi da agogo, kilomita 33.7 daga Monako. A bakin teku, tun daga titin Promenade des Anglais har dandalin Masséna, tutar Eritiriya ta fi ta kowace ƙasa yawa a inda muka tsaya, da ganguna da rawa tun kafin azahar. Pogačar ya ci zangon nan ma, na shida ke nan, ya ɗauki gasar da minti 6 da daƙiƙa 17 a kan Vingegaard, Evenepoel na uku. Maganar dattijon cikin jirgi ta tabbata, ta mai jan gemu ta faɗi. Carapaz ya tafi da riga mai ɗigo-ɗigo. Cavendish ya ƙare a na ƙarshe cikin mutum 141 da suka kai, aka yi masa tafin da ya kusa kai na zakara.

Da aka kira Girmay dandamali, da maki 387 a kan 354 na Philipsen, ɗan Afirka na farko da ya kammala gasar da ɗaya daga cikin manyan rigunanta, ban iya ganinsa sosai ba saboda tutoci. Wani saurayi kusa da ni ya ɗaga wayarsa sama, mahaifiyarsa ce a kan layi daga Asmara, ita ma tana guɗa daga can. Da aka lafa na tambaye shi abin da yake hange nan gaba. Ya ce gasar tseren keke ta duniya ta 2025 a Kigali, babban birnin Ruwanda, za a yi, karo na farko a Afirka, kuma Bini ne zai ɗauka. Ɗan kawuna ya ce masa ya je ya duba taswirar hanyar tukuna, Kigali duk tudu ce, irin ta Pogačar. Saurayin ya ce haka aka ce ba zai ci zango ko ɗaya ba. Suka kama, ɗaya da Faransanci, ɗaya da Turanci, ni ina tsakiya ina duba lokacin jirginmu na komawa Toulouse.